Mai biyan lanho shi ke da ikon tambaya

Sarakuna iyayen ƙasa, malamai, manoma da ƴan kasuwa na Magariya da Dungas.

An nemi in yi magana a kan ra'ayin masu cewa gwamnati ta cire hannunta daga aljihun talaka, a soke haraji, kowa tasa ta fisshe shi. Ra'ayin ya yi ƙarfi a Amurka da Ingila a shekarun 1980, ya iso mana ta hannun Bankin Duniya da tsarin tsuke bakin aljihu. Maganarsu tana da madafa, kuma mu ne shaida.

Bayan samun ƴanci a 1960, gyaɗa ce ta riƙe baitulmalin Nijar, ƙasar Magariya kuwa tana cikin manyan masu nomanta. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA, aka ba shi ikon fitar da ita shi kaɗai. Hukuma ke yanka farashi, manomi ya sayar, ribar ta wuce Yamai. Haraji ne wanda ba a rubuta masa takarda. A kansa ga lanho, ga jangali. Iyayenmu sun sayar da akuya, wasu har da iri, don kada a kunyata su a ƙofar fada.

Sai dai ku duba abin da ya biyo baya. Da kuɗin uraniyom suka shigo a zamanin Seyni Kunce, an ɗauke wa talaka kuɗin kai na gwamnati. Mun yi murna, kuma murnar halas ce. Amma hukumar da ke ci daga ramin Arlit ba ta buƙatar jin ta bakin manomin Waca ko na Malawa. Da farashin ya faɗi a shekarun 1980, makarantu da asibitoci suka lalace, muka rasa wanda za mu tuhuma.

Jama'a, mai dukiya yana iya kai ɗansa asibitin Kano, ya haƙa rijiya a gidansa. Matar da naƙuda ta kama a ƙauyen Dogo-Dogo ba ta da gata sai hanya da likitan da kuɗin jama'a suka samar. Addininmu ma ya yanka wa mabukaci rabo a rumbun mai hali: ɗaya cikin goma na amfanin damina.

Don haka abubuwa uku nake roƙo. Kada ku biya ko dala ba tare da takardar shaida ba, ko a kasuwa ko a tasha. A aza kaya gwargwadon wuya: mai tura shanu Maigatari ya fi mai tallar ƙuli-ƙuli biya. Sannan kowace shekara a karanta wa jama'a da Hausa abin da aka tara da inda ya tafi.

Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 domin hukuma ta matso kusa da mu. To, tun da ta matso, mu riƙa tambayarta lissafi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.