Ƙawance da Makoki a Fim ɗin Steel Magnolias



Abin da za a yi nazari a kansa yau shi ne wani fim na ƙasar Amurka mai suna Steel Magnolias, wanda Herbert Ross ya ba da umarninsa, aka fara nuna shi cikin shekarar 1989. Magnolia wani farin fure ne da Jihar Luwiziyana ta ɗauka alamarta, steel kuwa ƙarfe ne mai tauri. Manufar sunan ke nan: mata waɗanda ido ke gani kamar fure, alhali kuwa ƙarfe ne a ciki.

Tushen labarin wasan kwaikwayo ne na dandamali da Robert Harling ya rubuta, aka fara yinsa a 1987, bayan ciwon sukari ya yi ajalin 'yar'uwarsa a 1985, ta bar ƙaramin yaro. A wasan, mata shida ne kaɗai ke fitowa, kuma komai yana gudana ne a ɗaki guda, wato shagon gyaran gashi na wata mai suna Truvy. Ba a ganin namiji ko ɗaya, sai dai a ji labarinsa a bakin mata. Duk wanda ya san gidan kitso ya san dalilin zaɓen wannan wuri: nan ne mace ke kwance ɗankwali, ta kwance abin da ke ranta tare da shi.

Zaren labarin ba shi da tsawo. Shelby amarya ce mai ciwon sukari, likitoci sun gargaɗe ta cewa haihuwa na iya halaka ta. Uwarta M'Lynn ta bi bayan likitoci, ita kuwa ta zaɓi haihuwa. Ta haifi ɗa namiji, ƙodojinta suka gaza aiki, uwar ta ba ta ƙoda ɗaya daga jikinta. Duk da haka wata rana ta yanke jiki ta faɗi a gida, ba ta sake farfaɗowa ba. Da aka zo cire na'urar da ke riƙe da numfashinta, uban ya kasa tsayawa, mijin ma ya fice. Uwar ce ta zauna riƙe da hannunta har rai ya yi halinsa, sa'an nan ta tashi ta tafi ɗauko jikanta.

To, inda fim ɗin ya cancanci a tsaya masa shi ne maƙabarta. Mutane sun watse, M'Lynn na tsaye gaban akwatin gawa, ƙawayen nan huɗu suka dawo gare ta. Annelle, ƙaramarsu mai yawan ibada, ta yi mata irin ta'aziyyar da aka saba, cewa mamaciyar tana wurin Ubangijinta. Maganar ba ƙarya ba ce a wurin mai imani, amma ba ita zuciyar uwa ke iya ɗauka a wannan sa'a ba. Sai M'Lynn ta ɓarke. Ita ce ta kamata ta riga tafiya, me ya sa jikinta ke da ƙarfi na 'yarta ba shi da shi, wa zai gaya wa yaron nan irin uwar da ya rasa? Har ta ce so take ta sami wanda za ta doka.

A lura, ba wadda ta toshe mata baki da “yi haƙuri”. Sun bar ta ta amayar da fushinta duka. Daga nan Clairee ta fizgo Ouiser, tsohuwa mai baƙin rai wadda kullum suke 'yar tsama, ta tura ta gaba, ta ce ga wadda za a doka. Kuka ya rikiɗe dariya a bakin kabari. Dangi ba su iya wannan ba, domin su ma mutuwar ta doke su. Baƙo kuwa in ya gwada, ya yi rashin ta ido. Sai ƙawa, wadda ke kusa ainun, amma ba jininta ne ya zuba ba. Sally Field, wadda ta fito a matsayin uwar, ta sauya fuska daga natsuwa zuwa hasala zuwa dariya cikin 'yan mintoci, ba tare da an ga ɗinki ba.

Fim ɗin bai rasa aibi ba. Mazan da aka ƙaro a cikinsa galibi ba su da nauyi, kuma da ƙyar ake ganin baƙar fata, ko da yake a garin Natchitoches aka ɗauke shi, inda suke da yawa. A 2012 an sake shirya shi don talabijin da mata baƙar fata, Queen Latifah ta zama M'Lynn.

An rufe labarin ranar bikin Ista. Annelle na da tsohon ciki, ta riga ta nemi izinin M'Lynn cewa abin da ta haifa, mace ko namiji, za ta yi wa Shelby takwara. Ana cikin shagali naƙuda ta kama ta, aka sa ta a mota aka nufi asibiti.