Raha da Ladabi Cikin Addu'ar Kirista a Bainar Jama'a



Abin da aka ba ni in yi magana a kai shi ne ko ya dace wanda aka tsayar ya yi wa taro addu'a ya sa raha a cikinta. Zan tsaya kan al'adar Kirista, amma na san 'yan'uwanmu Musulmi da ke zaune a nan ba za su rasa abin tsinta ba, tun da kowa ya san nauyin kalmar amin.

A ran 23 ga Yuli, 2011, a filin tseren motoci na Nashbil, cikin Jihar Tenesi ta Amurka, aka kira wani fasto na ɗarikar Baptis mai suna Joe Nelms ya buɗe tsere da addu'a, kamar yadda suka saba. Ya gode wa Allah saboda motocin Dodge da Toyota da Ford, da man Sunoco, da tayoyin Goodyear. Ya gode saboda matarsa, ya kuwa siffanta ta da irin kalmar da samari ke yabon budurwa da ita. Sa'an nan ya rufe da kirarin da mai sharhi Darrell Waltrip ya saba yi in motoci za su tashi, ya liƙa masa amin. Salon nan ya aro shi ne daga wani fim na ban dariya, Talladega Nights, na 2006. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce so yake ya jawo hankalin 'yan kallo, ko wani ya koma gida ya yi tunanin zuwa coci da safe.

Masu suka suka ce dariya ba ta da mazauni a gaban Mahalicci. Ni dai ban yarda da wannan hujja ba, don Littafi Mai Tsarki kansa bai goyi bayanta ba. A Littafin Farawa, sura ta 17, da aka yi wa Ibrahim albishir da ɗa, alhali yana gab da shekara 100, Saratu kuma tana da 90, faɗuwa ya yi rubda ciki, ya yi dariya. Ku lura da wannan, jama'a: fuskarsa tana ƙasa don girmamawa, dariya kuma tana bakinsa, duk a aya ɗaya. Ba a hore shi ba. Maimakon haka sai aka umurce shi ya raɗa wa yaron suna Ishaku, wanda asalinsa a Ibrananci daga kalmar dariya yake.

Ikilisiya ma ta taɓa gwada abin. A ƙasar Babariya ta Jamus, tun ƙarni na 15, akwai al'adar da ake kira dariyar Ista, inda mai wa'azi kan kawo labarai masu ban dariya a ranar bikin tashin Almasihu, domin jama'a su yi murnar cewa mutuwa ta sha kaye. Wasu suka wuce gona da iri, har malamin nan Oecolampadius ya wallafa ɗan littafi a Basel a 1518 yana sukar al'adar. Amma abin lura shi ne, cikin wa'azi ake wannan raha. Mai wa'azi da jama'a yake magana. Mai addu'a kuwa, ko da dubu goma ke sauraronsa, da Allah yake magana, a madadinsu.

To, a nan ne nake ganin Fasto Nelms ya yi tuntuɓe, kuma bakinsa ne ya kama shi. Shi ya ce so yake ya jawo hankalin 'yan kallo. Ashe ke nan da su yake zance, sunan Allah kuwa ya zama adireshin da aka rubuta a bayan wasiƙar da aka nufi wani da ita. Wannan shi ne ainihin abin da Yesu ya yi kashedi a kai cikin Matiyu sura ta 6, game da masu tsayawa su yi addu'a a kan mararraba domin mutane su gan su. Kuma, a faɗa a gaskiya, ba mai raha kaɗai gargaɗin ya shafa ba. Wanda ke canza murya, ya jera manyan kalmomi na minti ashirin abinci na hucewa a gaban baƙi, shi ma wasan kwaikwayo yake, sai dai nasa ba daɗin kallo.

Akwai kuma haƙƙin masu amsawa. Wanda ya ce amin ya sa hannu ne a kan abin da aka roƙa. Saboda haka mai jagorar addu'a riƙon amana yake yi, bai kamata ya furta abin da rabin taron ba za su iya sa wa hannu ba. A ran 3 ga Janairu, 2021, Emanuel Cleaver, ɗan Majalisar Wakilai ta Amurka kuma faston Metodis, ya buɗe sabon zaman majalisar da addu'a. Da yake ƙarshen kalmar amin a Turanci ya yi kama da kalmarsu ta maza, sai ya ƙara da "a-woman", watau ya ba mata tasu. Ya ce wasan kalma ne don yabon yawan matan da aka zaɓa. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai amin kalmar Ibrananci ce ta tabbatarwa, ba ruwanta da namiji ko mace, kuma ita ce kalma ɗaya tak da ba ta mai addu'a ba ce, ta jama'a ce. Kwana da kwanaki ana gardama a kanta, abin da ya roƙa wa ƙasar kuwa ya bi iska.

Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. Jika yakan tsokani kakarsa ya kira ta matarsa, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya, don wasan ya fito ne daga kusanci, kuma ya san inda zai tsaya. In ya ɗauki wasan nan ya kai dandali don samari su tafa masa, ya mai da tsohuwa abin kallo.

Shin akwai rahar da ta tsira? Akwai. Peter Marshall, mutumin Sikotilan wanda ya yi limancin Majalisar Dattawan Amurka daga 1947 har rasuwarsa a 1949, ya yi suna da gajerun addu'o'i masu tsini. Cikin waɗanda ake tunawa har da inda ya roƙi Allah ya sa su yarda su canza in sun yi kuskure, in kuma su ke da gaskiya ya sa zama da su ya yi sauƙi. Dole ɗan siyasa ya murmusa da jin haka, don an taɓa shi inda yake masa ƙaiƙayi. Amma roƙo ne na ainihi, Allah aka nufa da shi, mai roƙon ya sa kansa cikin masu laifin, kuma ɗan kowace jam'iyya na iya amsawa da amin ba tare da ya ji an yi masa wayo ba.

Shugaba, a nan zan dasa aya.