Yaba Kyauta Tukwici

Jawabin da aka yi a taron godiya na ɗalibai Kirista, a ƙarshen shekarar karatu

An ɗora mana nauyin yin magana a kan godiyar da ta wajaba ga Kirista kowace rana, saboda iyaye da iyali da sauran albarkun yau da kullum. Za mu so mu fara da wata al'ada wadda kowa ya san ta.

A ƙasar Hausa, in wani ya aiko maka da kyauta, ko ƙwaryar fura ce ko cinyar rago, ba ka sallamar yaron da ya kawo hannu banza. Kakan ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, shi ne tukwici, sa'an nan ka ce ya gai da wanda ya aiko shi, ya ce an gode. In kuwa ba ka da ko kwabo, sai ka buɗe kyautar a gabansa ka yaba ta, don haka ne magabata suka ce yaba kyauta tukwici. Watau kowace kyauta takan zo da bashi biyu, godiya ga mai aike da tukwici ga ɗan aike. Maganarmu ta yau duka a nan ta tsaya. Allah shi ne Mai aike, iyayenmu da danginmu kuwa su ne 'yan aiken da ya fi yawan turowa. Kiristan da ya biya bashi ɗaya ya bar ɗayan, da sauran aiki a gabansa.

Harshenmu kansa cike yake da godiya. In aka ce ina aiki, sai ka ce aiki da godiya. In aka ce yaya gida, sai ka ce mun gode Allah. In aka tambayi manomi yaya ruwa, sai ya ce ruwa ya yi gyara. Mu da 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda hamdala ba ta barin bakinsu, mun yi tarayya a wannan gado, kuma gado ne mai kyau. Sai dai maganar da baki ya saba da ita takan fita ba tare da zuciya ta sani ba. Mutum ya iya cewa mun gode Allah sau ashirin kafin azahar, amma in ka tsare shi ka ce ya ambaci abu uku da yake godiya dominsu, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Me ya sa lalle sai kowace rana? Hausawa suka ce butulu kamar ciki, domin ciki ba ya tuna tuwon jiya. Littafin Fitowa sura 16 ya nuna mana yadda Allah ya yi renon Isra'ilawa a kan wannan hali. Shekara 40 ya ciyar da su da manna a jeji, amma bai taɓa ba su na wata guda a lokaci ɗaya ba. Kowace safiya mutum ya fita ya tara abin da zai ishe shi yini ɗaya, in ya ɓoye saura sai ya wayi gari ya tarar ya yi tsutsa yana wari, in ban da jajiberin ranar hutu da aka yarda a tara na kwana biyu. Ba don rumbun Allah ya yi ƙasa ba ne. Ya so ne su riƙa ganin hannunsa kowace safiya. Addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa ma abincin yini ɗaya ta ce a roƙa. Sunan da ikilisiya ta fari ta ba Jibin Ubangiji da Helenanci, watau Yukaristi, ma'anarsa godiya. Bikin godiya na kaka, wanda a ikilisiyoyinmu ake kawo damman dawa da gero da doya da kaji gaban majami'a, abu ne mai kyau ƙwarai, amma sau ɗaya ake yinsa a shekara, alhali kuwa ci da sha kullum ne.

To, me za mu lissafa? Albarkar da ta fi wuyar gani ita ce masifar da aka ɗauke mana tun ba mu san ta ba. Kakanninmu sun san agana, wadda takan shiga gari ta kashe na kashewa, ta bar waɗansu da makanta ko zanzana a fuska. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an sami mutum fiye da 650,000 masu fama da kurkunu a Nijeriya, cutar da takan kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke bukatarsa, amma a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Yawancin waɗanda ke zaune a wannan ɗaki ba su taɓa ganin mai kurkunu ba, don haka ba ya faɗo musu a rai su gode. Haka nan barcin da muka yi jiya muka farka, da ƙafafun da suka kawo mu nan, da idon da ke karanta allo daga bayan aji. Lafiya uwar jiki, sai ta tafi ake sanin girmanta.

Yanzu sai mu juyo ga 'yan aike. Babu ɗaya daga cikinmu da ya hau matakalar jami'a da ƙafarsa shi kaɗai. Bayan kowane ɗalibi akwai uwar da ta tashi tun asuba ta zauna gaban kaskon ƙosai, ko uban da ya ja akuyarsa zuwa kasuwa ranar da takardar kuɗin makaranta ta iso, ko yayar da aka ce ta haƙura da karatu domin kuɗin ba zai ishi mutum biyu ba. A 2022, sa'ad da malaman jami'o'in gwamnati suka yi yajin aiki na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ina ɗalibai suka nufa? Gida. Aka ƙara awon tuwo, aka raba tabarma, ba wanda aka miƙa wa takardar bashi ranar komawa makaranta. Akwai kuma a cikinmu marayu, da waɗanda gidan da ya haife su bai riƙe su ba. Su ma in sun duba za su ga ɗan aikensu: gwaggo, ko kawu, ko wata mata a zumuntar mata, ko malamin firamare, ko maƙwabci Musulmi da ya biya kuɗin jarrabawa bai gaya wa kowa ba.

Bishara ta Luka sura 17 ta ba da labarin kutare goma da suka roƙi Yesu jinƙai daga nesa, ya ce su je su nuna kansu ga firistoci, suna cikin tafiya suka warke. Ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, shi kuwa Basamariye ne, baƙo. Mutanen Arewa ba su bukatar a fassara musu kuturta. Tun 1929 'yan mishan suka buɗe mazaunin kutare kusa da Garkida, kuma tsofaffinmu sun san yadda cutar ke raba mutum da matarsa da 'ya'yansa, ko da yake yau tana warkewa da magani. Saboda haka kada mu yi saurin zagin taran nan. Abin da aka ce su yi shi suka yi, suna ɗokin firist ya wanke su su koma gida. Laifinsu gaggawa ce: kyautar ta cika musu ido har suka manta da wanda ya bayar. Wannan gaggawa ita ke jiran mai digiri a bakin ƙofa. Daga jarrabawa sai bautar ƙasa, daga nan sai neman aiki, sai aure, sai ƙarin girma, har ranar da za a aiko masa cewa tsohuwa ta rasu, kalmar da ya yi niyyar faɗa mata tana nan a bakinsa.

Yayyenmu ma'aikata, ku yi mana gafara, wannan ɓangare naku ne, mu ma gobe namu ne. A Maimaitawar Shari'a sura 8 Musa ya gargaɗi jama'arsa cewa hatsarin mantuwa ba a lokacin yunwa yake ba, sai bayan an ci an ƙoshi, an gina gidaje masu kyau, dukiya ta yaɗu. A sa'an nan ne zuciya takan raɗa wa mutum cewa ƙarfinsa da dabararsa ne suka kawo shi. Mun san irin ma'aikacin da in mahaifinsa ya zo ofis da tsohuwar riga da buhun gyaɗa a kai, sai ya ce wa masinja a zaunar da shi a waje, in an tambaya ya ce wani mutumin ƙauyensu ne. Wataƙila ran Lahadi shi ne a layin gaba, ambulan ɗin baikonsa ya fi na kowa kauri. Yesu ya yi maganin wannan a Markus sura 7, inda ya tsauta wa malaman da suka koyar cewa mutum ya iya keɓe dukiyarsa da sunan Allah, ta haka ya kuɓuta daga taimakon iyayensa. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 5, ya sa sāka wa iyaye da kakanni a matsayin makarantar farko ta ibada. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Rashin godiya yana da wata illa kuma da ta shafi ƙasa. Ma'aikacin da ba ya ganin abin da ke hannunsa, idonsa kullum yana kan motar abokin aikinsa, ya riga ya buɗe ƙofa ga mai miƙo cin hanci, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun san abin da waɗansu ke faɗa a ransu: yaya za a ce mu yi godiya a irin wannan zamani? Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Akwai kuma waɗanda abin da ya same su ya wuce tsada. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, da yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, a watan Oktoba na shekarar kuma aka mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos da zama na wani lokaci. Wanda ya je ya ce wa irin waɗannan iyaye su gode domin abin da aka yi musu, bai san Littafi ba. Abin da Bulus ya koya wa Tasalonikawa shi ne a yi godiya a cikin kowane hali, bai ce mugunta ta zama alheri ba. Mai godiya a cikin wahala yana lissafin abin da mugu bai iya ƙwacewa ba ne, kamar yadda masu bi da suka yi gudun hijira suka ci gaba da taruwa don sujada a inda suka sami mafaka.

Godiya kuma ba ta hana neman hakki, wannan kuwa ya kamata 'yan ƙungiyar ɗalibai su ji shi da kyau. A Ayyukan Manzanni sura 16 an yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi, aka jefa su kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi. Ya ce an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, alhali suna da 'yancin Romawa, don haka sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ne ya nemi adalci da safe.

Kafin mu zauna, ga abin da muke roƙon kowannenmu ya gwada a wannan hutu. Da fari, kafin barci mu ambaci abu uku na wannan yini da sunansu a gaban Allah, kada mu maimaita na jiya. Na biyu, in mun yi addu'a a kan abinci, mu ɗaga kai mu gode wa wadda ta dafa, ko uwa ce ko mata ko ƙanwa, domin hayaƙin murhu idonta ya shiga. Na uku, mu je mu durƙusa gaban wanda ya sha wahalar karatunmu, mu faɗa masa abin da muka san ya yi, dalla-dalla, tun yana da kunnen ji. Wanda nasa ke nesa ya kira a waya, ya bar su su yi magana har su gama. Na huɗu, ga masu albashi: a ware rabon gida ranar da kuɗi ya shigo, kada a jira abin da ya rage a ƙarshen wata, a kuma ɗauki nauyin karatun wani ƙane ko ɗan yayar nan da ta haƙura. Ɗalibin da ba shi da ko sisi bai fita ba, yana da hannun riƙe fartanya da bakin yabon kyauta.

Allah ya ba mu idon ganin alherinsa kowace safiya. Ya ja kwanan iyayenmu su ci gajiyarmu, ya ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.