Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Buɗaɗɗun Manhajoji da Sana'ar Ƙera Kayan Lantarki



Na san a cikinku akwai masu cewa a zuci, me ya haɗa kifi da kaska? Me ya kai malamin Hausa cikin zancen wayoyin lantarki? Amsar ita ce, nazarin sana'o'i wani reshe ne na nazarin Hausa, kuma duk wanda ya nazarci ƙira ko saƙa ko jima ya san cewa ba a kiran mutum gwanin sana'a sai ya mallaki kayan aikinsa. Maƙeri yana da uwar maƙera da zugazugi da masaba da awartaki, kuma in awartakinsa ya karye, shi da kansa zai ƙera wani. Abin da nake so mu duba yau shi ne, shin mai sana'ar lantarki zai iya mallakar kayan aikinsa irin wannan mallaka, ko kuwa dole ne ya dawwama cikin aro?

Matakan aikin

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin rediyo ko wayar hannu ya ga wani ɗan koren allo mai siraran hanyoyi na jan ƙarfe, an liƙa masa ƙananan abubuwa da dalma. Kafin wannan allo ya samu, sai an bi matakai uku. Na farko shi ne zane, watau a zana taswirar da ke nuna yadda za a haɗa rizista da kafasita da taransista, da hanyar da wuta za ta bi ta kewayo. Wannan kewaye shi muke kira da'irar lantarki. Na biyu shi ne kwaikwayo, watau a sa kwamfuta ta lissafa abin da zai faru in an ba wannan da'ira wuta, tun ba a sayi ko rizista ɗaya ba. Na uku shi ne shimfiɗa, watau a tsara mazaunin kowane abu a bisa allo, a ja hanyoyin jan ƙarfe tsakaninsu ba tare da wata ta taka wata ba. Kowane mataki yana da manhajarsa, kuma waɗannan manhajoji su ne masaba da awartakin injiniyan zamani.

Asalin manhajojin

Tarihin fitacciyar manhajar kwaikwayo ya faro ne daga ajin karatu. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ƙasar Amurka, wani ɗalibi mai suna Laurence Nagel, a ƙarƙashin kulawar Farfesa Donald Pederson, ya rubuta manhajar da aka sa wa suna SPICE, aka bayyana ta ga duniya a 1973. Pederson ya dage a kan cewa a bar ta a buɗe, duk mai so ya ɗauka, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara in ya ga dama. Aka fitar da SPICE2 a 1975, daga baya kuma SPICE3. Sakamakon wannan karamci shi ne, yawancin manhajojin kwaikwayo da kamfanoni suka riƙa sayarwa daga baya, irin su PSpice da HSPICE, daga wannan tushe suka tsiro. Jikanyarta da ta ci gaba da zama a buɗe ita ce ngspice.

Aikin da SPICE ke yi ba tsafi ba ne. Tana amfani ne da ka'idar Ohm ta 1827 da ka'idojin Kirchhoff na 1845, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke cewa duk wutar da ta shiga mahaɗa dole ta fita, kamar yadda ruwan da ya shiga mararrabar kwata ba ya ɓacewa. Sai ta rubuta lissafi ga kowace mahaɗa, ta warware su gaba ɗaya. Inda lissafin ya ƙi miƙewa, kamar wajen taransista, sai ta yi kirdado, ta gwada, ta gyara, ta sake gwadawa, har amsa ta tsaya.

Ta wajen zane da shimfiɗa kuwa, wadda ta fi shahara cikin buɗaɗɗun manhajoji ita ce KiCad. Wani malami ne, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992 a birnin Grenoble na ƙasar Faransa. Ta daɗe tana rarrafe, har a 2013 cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, da ke kusa da Janiba, ta sa injiniyoyinta cikin aikin. Su ne suka ƙara mata dabarar da ke sa in kana jan sabuwar hanya a bisa allo, tsofaffin hanyoyi su matsa mata da kansu. A 2018 aka haɗa ngspice a cikinta, ta yadda mutum zai yi zane da kwaikwayo da shimfiɗa a wuri guda. Masu aikinta suna warwatse a ƙasashe da dama, kowa yana kawo abin da ya iya. Mu a nan muna da sunan irin wannan aiki tun kaka da kakanni, shi ne gayya.

Bambancin kyauta da mallaka

A nan ne harshe ya shigo. Turanci yana da kalma ɗaya da ke nufin abin da ba a biya ba, take kuma nufin abin da ba shi da ubangida, wannan ya sa mutane da yawa suke ruɗewa. Hausa ta raba su: akwai na kyauta, akwai 'yantacce. Alal misali, manhajar LTspice ta kamfanin Analog Devices kyauta ce, kuma tana da kyau ƙwarai, amma asalin rubutunta yana hannun kamfanin. KiCad kuwa tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1989. Wannan lasisi ya ba kowa izinin amfani da manhaja, da karanta asalin rubutunta, da gyara ta, da rarraba ta, bisa sharaɗin cewa wanda ya rarraba gyararriya dole ya bar ta a buɗe kamar yadda ya same ta.

Kada a ɗauka wannan bambanci musun malamai ne kawai. Akwai wata manhajar shimfiɗa allo mai suna EAGLE, ta wani kamfanin Jamus, wadda ɗalibai da ƙananan masu sana'a suka dogara da ita shekara da shekaru. A 2016 kamfanin Autodesk ya saye ta, a 2017 ya mayar da ita ta haya, a biya lokaci-lokaci, sa'an nan a 2023 ya ba da sanarwar cewa zai daina sayar da ita da kula da ita a watan Yunin 2026. Kamfanin bai karya doka ba, kayansa ne. Amma wanda ya tara zane-zanen shekara ashirin a cikinta sai ya nemi inda zai kwashe su. Wannan shi ne ma'anar zanen aro ba ya rufe katara: ranar da mai shi ya ce a ba shi abinsa, ranar ake ganin wanda ba shi da nasa. Zanen da aka ajiye da KiCad kuwa rubutu ne bayyananne da kowa zai iya buɗewa ya karanta, kuma in an sauke manhajar, tana aiki ko babu intanet.

Misali guda

Bari mu sauko daga tarihi mu ɗauki misali. A ce ɗalibi yana so ya ƙera abin cajin waya daga batirin sola mai bolt 12, alhali waya bolt 5 take so. Hanya mafi sauƙi ita ce ya sa wani ɗan abu da ake kira 7805, mai rage ƙarfin wuta. A takarda komai daidai ne. Amma in wayar tana jan rabin amfiya, bolt 7 ɗin da aka rage ba su ɓace ba, zafi suka zama: 7 sau rabi, wat 3.5 ke nan, alhali abin da ya isa wayar wat 2.5 ne kacal. Watau wutar da ta tafi a zafi ta fi wadda aka amfana da ita. Kwaikwayo zai nuna masa wannan adadi kafin ya ƙona yatsa ko ya yi asarar kuɗinsa, sai ya zaɓa, ko ya sa ƙarfen shan zafi, ko ya koma ga irin da'irar da ke kunna wuta tana kashewa da sauri, wadda asararta kaɗan ce.

In ya gamsu, sai ya shimfiɗa allo. Kaurin allon da aka saba shi ne milimita 1.6, jan ƙarfen da ke bisansa kuma sirantarsa ta kai kashi 35 cikin dubu na milimita, saboda haka hanyar da za ta ɗauki wuta mai yawa dole a faɗaɗa ta. Manhajar za ta bincika masa ko akwai hanyoyin da suka matsu da juna, ko ƙafar da aka manta ba a haɗa ba. Daga nan sai ta fitar da fayilolin da ake kira Gerber, waɗanda masana'antun buga allo suke karɓa ko daga wace manhaja suka fito.

Sai dai akwai gargaɗi, kuma ya shafe mu. In ba a gaya mata ba, SPICE tana ɗauka cewa zafin wuri digiri 27 ne. Wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu ya san ana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe da rana ta buga. Wutar da ke yoyo a taransista kuwa tana ninkawa ne kusan duk bayan ƙarin digiri 10. Kwamfuta ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san wutar da ke hawa da sauka ba, ba ta kuma san jabun kaya ba. Abin da aka gaya mata shi take lissafawa. Don haka dole ɗalibi ya sauya wannan adadi ya dace da ƙasarsa, sa'an nan bayan kwaikwayo ya haɗa abin da hannunsa ya auna da mita. Gani ya kori ji.

Abin da ya rage gare mu

Ga ɗalibai, ina cewa: ƙasarmu cike take da gwanayen gyara. Ku shiga kowace kasuwar waya ku ga yaron da zai cire abin da bai kai ƙwayar gero ba ya mayar da wani. Abin da ya raba mai gyara da mai ƙira shi ne iya zane da lissafi, kuma kayan koyon wannan yanzu ba sa bukatar kuɗin waje ko satar manhaja. Wanda ya koyi aiki da manhajar sata, ranar da ya buɗe kamfaninsa zai tarar hannunsa ya saba da abin da ba shi da ikon saya.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu tsara manhajar karatu da masu sa hannu a takardun kwangila, roƙona biyu ne. Na ɗaya, kafin a ware kuɗin lasisin manhaja ga kwalejin fasaha, a tambaya ko buɗaɗɗiya za ta wadatar. In za ta wadatar, a karkatar da kuɗin ga mitoci da na'urorin awo da wutar sola, domin su ba a sauke su daga intanet. Ban ce manhajojin kuɗi ba su da amfani ba. Akwai manyan ayyuka masu sarƙaƙiya da suka fi ƙwarewa a kai, amma ba da su ake fara koyo ba. Na biyu, duk na'urar da aka ƙera da kuɗin jama'a, a sharɗanta wa ɗan kwangila ya miƙa zanenta cikin sigar da kowa zai iya buɗewa, domin in ta lalace bayan shekara goma, kada a rasa mai gyara don kawai kamfanin ya rufe.

Ga 'yan'uwana masu nazarin harshe kuma, kun ji yadda na yi ta fama da rizista da kafasita da da'ira. Tun da buɗaɗɗiyar manhaja ta halatta gyara, ta halatta fassara ke nan, kuma masu sa kai ne suka fassara KiCad zuwa harsuna da dama. Ba sai mun nemi izinin kowa ba. Abin da ake bukata shi ne malamin Hausa da injiniya da mai gyaran rediyo su zauna a tabarma ɗaya, a fara da kalmomin da masu sana'a suka riga suka saba da su, sa'an nan a ƙirƙiro waɗanda babu. Yaron da ya fahimci dalilin da ya sa 7805 ke zafi cikin harshen da yake tunani da shi, ba zai manta ba.

Jama'a, waɗanda suka yi wannan gayya sun yi nasu, sun bar ƙofa a buɗe. A al'adarmu kuwa, wanda ya ci tuwon gayya ana sa ran ganinsa da fartanya. Ina fata nan gaba kaɗan za a ga gyara ko fassara ko zane da ya fito daga jami'o'inmu ya shiga cikin wannan aiki, wasu su ma su amfana.