Jawabi a kan allurar korona da hanyar da take bi



Cutar korona ta shigo Nijar ran 19 ga watan Maris 2020. Ran 29 ga Maris 2021 gwamnati ta fara allurar rigakafi a Yamai, da allura 400.000 da ƙasar Sin ta bayar. Kyauta aka yi ta, amma mutane ba su fito da yawa ba.

Maganin ba ya son zafi. Daga Yamai zuwa Tawa, daga Tawa zuwa likitar gari, cikin sanyi yake tafiya. Daga nan ma'aikaci ya sa shi cikin akwatin ƙanƙara, ya hau moto. Kowa ya san ƙasar Keita da Buza: duwatsu ne da ƙoramu. In ƙorama ta kawo ruwa, sai ya jira, ƙanƙara kuwa tana narkewa.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wata kwalbar ta mutum 10 ce, kuma in an buɗe ta ba ta wuce awa 6. In mutum 3 kaɗai suka zo, rabon mutum 7 ya zube. Wannan hasara ce, kuma ta gari ce.

Allurar farko sau biyu ake yin ta. Magidanci ya karɓi ɗaya, ya tafi bida Najeriya ko Abijan, ta biyu ta wuce shi. Da mai sau ɗaya ta zo, abin ya yi sauƙi.

Sai ji-ta-ji-ta. An ce tana hana haifuwa. Ba gaskiya ba ne. A 2010 da 2011 an yi wa yara da matasa allurar sanƙarau, ga su nan yau da 'ya'yansu.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa. Amma allurar ƙyanda da ɗigon shan inna wannan hanyar suke bi. In an sa rana, mai gari ya sa a yi shela, liman ya faɗa a masallaci, a taru lokaci guda. Uwa kuma ta zo da karnen ɗanta, don can aka rubuta ranar komowa.