Idan Ƙafar Tsohuwar Mota Ta Fara Ƙara: Jawabi Ga Direbobin Karkara

An nemi in yi muku bayani a kan ƙarar nan da tsohuwar mota take yi daga ƙasa idan ta hau gargada ko ta faɗa rami.

Motocin da muka fi ci da su a hanyoyin ƙauye sun kwana biyu. Golf 3 ta fito a Jamus a 1991, kuma kafin shekarar 2000 an daina ƙera ta. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fito a Faransa tun 1968, masana'antar haɗa motoci ta Kaduna kuwa ta fara aiki a 1975. Ƙarfe yana iya kai wa waɗannan shekaru. Roba ba ta iyawa. A ƙafar mota kuma, kusan duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe akwai roba a tsakani. Ita ce kanikawa ke kira bushin. Aikinta ta shanye girgiza, ta riƙe taya a mazauninta. Zafi yana busar da ita, lodi yana latse ta, baƙin mai idan yana ɗiga a kanta sai ta kumbura ta ruɓe. Ranar da ta yage, ƙarfe ya fara dukan ɗan'uwansa. Ƙarar da kuke ji ke nan.

Abin da na fi gani shi ne, da direba ya ji ƙara sai ya ce shokabzoba ce. Ya je ya sayo, a ɗaura, kuɗi ya tafi, ƙara tana nan. Kada ku sayi komai sai kun san inda ciwon yake.

A fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Fitar da jak, sifana da tayar ajiya daga but. Duba notocin taya. Kama salansa idan ta huce ka girgiza, domin robar da ta rataye ta tana tsinkewa. Ƙara da yawa a nan take ƙarewa.

Idan tana nan, to sai ka saurara da kyau, ka lura da lokacin da take zuwa. Kashe rediyo, sauke gilashi, ka bi hanyar da ka sani a hankali. Idan ƙwal-ƙwal ce mai yawa a kan ƙananan duwatsu, tana ƙaruwa idan taya ɗaya ta faɗa rami, mafi yawa robobin sitabilaiza ne, wato sandar ƙarfen nan da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. Wannan shi ne mafi araha a gyara. Idan kuwa gwaf ɗaya kake ji lokacin da ka taka birki, ko lokacin da ka tashi daga tsaye, to ka zargi bushin lowa-am, hannun da ya riƙe taya daga ƙasa. Irin wannan motar takan ja gefe idan an taka birki, sitiyari kuma ba ya zama a hannu. Idan ka karya kan mota har ƙarshe kana tafiya ka ji kakat-kakat, wannan shaf ne, kuma ciwon motoci masu ja da gaba ne irin su Golf. Fijo 504 da baya take ja, ba za ka ji mata wannan a gaba ba. Idan dukan yana zuwa ne sa'ad da ka saki kuloci ko ka canja giya, a duba robar da inji ke zaune a kai. Masu a-kori-kura, ku kuma ku duba robobin da ke bakin sifirin na baya, su ne lodin hatsi ke fara cinyewa.

Shokabzoba tana da nata gwajin. Danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki. Idan ta taso ta tsaya, da sauran ranta. Idan ta yi ta lilo, ko ka ga mai ya jiƙe jikinta, ta mutu.

Yanzu sai a ɗaga mota. A nan ina roƙonku don Allah. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, balle yaron mota da ake turawa. A sami wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da dutse, a sa gungumen itace mai kauri a ƙarƙashi. Bulon siminti yana fashewa ba sallama.

Kama tayar da aka ɗaga, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka jijjiga. Idan tana wasa, ko boris ne ko boljoyin. Ka sa wani ya taka birki ka sake jijjigawa. Idan wasan ya ɓace, boris ne. Idan yana nan, boljoyin ne. Sai ka kama dama da hagu ka jijjiga. Wasa a nan na tayarod ne. Bushin kuwa sai da liba da tocila. Zura liba kusa da robar ka ɗan banƙara. Mai lafiya takan motsa kaɗan ta koma. Wadda ta mutu za ka ga ta tsage, ko ta rabu da ƙarfen da ke tsakiyarta, ko ka ga wurin ya yi ƙyalli saboda guga. Ka dubi tayar ma. Idan gefe ɗaya ya cinye ɗaya yana nan, ƙafar ta goce.

Ku bambanta biyun nan. Mataccen bushin yana cin taya, yana lalata birki da tuƙi a hankali. Boljoyin da tayarod idan suka cire, taya kwanciya take yi ko ta juya inda ta ga dama, ga mota cike da mutane ranar kasuwa. Wanda aka ce masa boljoyin ɗinsa yana wasa, kada ya ce bari in yi sawu ɗaya tukuna.

Wajen gyara, a canja dama da hagu tare, domin tare suka tsufa. Na san akwai masu yanka tsohuwar taya su yi bushin da ita. Tana iya fitar da mutum daga daji, amma ba ta zama daidai, tauri gare ta, kuma ba ta daɗewa. In ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannunka a gwada. In na gwanjo za ka saya, lanƙwasa robar ka duba tsaga, don ita ma ta yi shekarunta a can kafin ta zo. Wajen sawa kada a shafa mata baƙin mai ko giris. Ruwan sabulu ya isa.

Ga wanda kanikawa da yawa ke yi wa gaggawa. Kada a ƙulle notin bushin lowa-am mota tana rataye a kan jak. A ɗaura shi sako-sako, a sauke mota ta zauna da nauyinta a kan tayoyi, sa'an nan a ƙulle tam. Dalili shi ne, robar ba ta juyawa a kan ƙarfen, murɗewa take yi. Idan aka ƙulle ta ƙafa tana reto, da an sauke mota sai ta zauna a murɗe dare da rana, ko mota tana tsaye. Sabuwar roba sai ta yage tun ba a je ko'ina ba, a ce kayan ne jabu. Ka tsaya a kan aikinka ka ga an yi haka.

Bayan an gama, a kai mota a yi mata alaimen, in ba haka ba sabuwar tayarka ce za ta biya. Sa'an nan ka koma kan gargadar da ka fara jin ƙarar, ka sake saurarawa, bayan kwana biyu kuma a sake bin notocin da sifana.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Wanda ya zo da motarsa kuma, mu fita waje a ɗaga ta kowa ya gani.