Wace Makaranta Ta Dace Da Yaro Mai Galahanga?



Maganata a yau ta shafi yaron nan da ake cewa a gidajenmu ba ya jin kira, ko kuwa iska ta taɓa shi, alhali kunnensa lafiya lau. Ya kai shekara uku ko huɗu bai buɗe baki ba, ko kuma yana magana amma sai ya yi ta nanata abin da aka faɗa masa. Ba ya son haɗa ido, yakan wuni yana jera murafan kwalba, in kuwa aka sauya masa abin da ya saba sai ya ɓarke da kuka. Wannan lalura ita ce galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta filla-filla a 1943 bayan ya yi nazarin yara 11, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. A bisa wannan lissafi, firamare mai yara dubu ba za ta rasa goma ba, in har an kai su. To, da yawa ba a kai su.

Idan lokacin shiga makaranta ya yi, iyaye kan tsaya tsakanin hanya biyu: a sa shi tare da sauran yara, ko a nema masa makaranta ta musamman. Ra'ayin duniya ya karkata ga ta farko tun taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, inda gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantar kowa da kowa ta karɓi kowane yaro. A Nijeriya ma, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci. Wannan gaskiya ne, kuma yaro yakan koyi magana da wasa daga tsaransa. Amma fa mu dubi ajin da muka sani, mai yara tamanin ko fiye, malami guda, bulala a hannu. Yawancin masu galahanga ƙara tana cutar da su ƙwarai. Hayaniyar da ni da ku ba mu ko lura da ita, a wurinsu azaba ce. Yaro ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin benci, malam ya ɗauka taurin kai ne, ya zane shi. Kafin zango ya ƙare ya tsani ƙofar makaranta, iyaye su ce dama ba na boko ba ne.

Makarantun musamman kuwa, tsofaffin da muke da su a Arewa, kamar ta makafi a Gindiri wadda aka buɗe a 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano, asalinsu don makafi da kurame ne. Aikinsu babba ne, sai dai wanda ya ƙware a maganar hannu ko rubutun makafi ba lalle ne ya san galahanga ba. Cibiyoyin da suka keɓanta da ita sun fi yawa a Legas da Abuja, kuɗinsu kuma sai mai hali.

Saboda haka ni a ganina, sunan da ke jikin allon makaranta ba shi ne abin dubawa ba. Da farko a kai yaro wurin likitan yara, a gwada jinsa, a tabbatar da lalurar, domin masu ita sun sha bamban: wani zai kai jami'a, wani kuwa zai buƙaci mai kula da shi har girma. Bayan haka uba ko uwa su je su zauna cikin ajin na safiya guda. Yara nawa ne? Me malama take yi idan yaro ya fashe da ihu, duka ko janye shi wuri mai shiru? Za ta yarda ta nuna masa tsarin yini da hotuna, tunda da yawansu sun fi fahimta da ido? Akwai mai gadin ƙofa? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, gama irin waɗannan yara kan sulale su bi titi. A kuma nemi a fara da rabin yini, a rubuta buri biyu ko uku na zango, ko da zama minti goma ne da neman ruwa da kansa.

Ko makarantar allo da Islamiyya haka za a auna su. Maimaici da tsari iri ɗaya kullum sun dace da wasunsu, akwai ma masu saurin hadda, muddin malam ya ajiye dorina ya zaunar da yaron a gefe, nesa da tsakiyar karatu.

'Yan'uwana na sashen ilmi, malamar da iyayen nan za su je su zauna a ajinta daga cikinmu za ta fito. Kwalejin horar da malaman ilmin musamman tana Oyo tun 1977, akwai kuma sassa a jami'o'in Ibadan, Jos da Bayero. Ina roƙon ƙungiyarmu ta gayyato malami daga ɗayansu ya yi mana bita kafin a tura mu koyarwar gwaji.